Horar da yara ƙwallon kwando a wannan zamani: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawo a bakin malaman wasanni na makarantu, da tsofaffin 'yan wasa da suka tara yaran unguwa suna koya musu, da kuma iyayen da ɗansu ya wayi gari ya ce shi ƙwallon kwando yake so. Maganar ta shafi yara daga shekara 7 zuwa 17, maza da mata.

Me ya canza a wasan har ake cewa horon da aka ba mu a da ya tsufa?

Babban abin da ya canza shi ne jifan maki uku, wato jifan da ake yi daga bayan wani layi mai nisa da kwando. Gasar NBA ta Amurka ta shigo da layinsa a 1979, hukumar ƙwallon kwando ta duniya FIBA ta biyo baya a 1984. A kakar farko ta layin a NBA, ƙungiya ɗaya ba ta kai jifa uku daga bayan layin a wasa guda. Yau a matsakaici ƙungiyar NBA tana wuce jifa 35 a wasa guda. Da masu jifa suka ja baya, dole masu tsaro su bi su waje, sai tsakiyar fili ta buɗe, wasan ya ƙara sauri.

Wannan ya rushe tsohon rabon aiki. A da dogo yana ƙarƙashin kwando, gajere yana riƙe ƙwallo, kowa da rumfarsa. Yanzu Nikola Jokić na Sabiya, wanda ya kai kusan mita 2.11, shi ke raba wa abokansa ƙwallo, kuma sau uku ana ba shi gwarzon NBA, a 2021 da 2022 da 2024. Victor Wembanyama na Faransa ya fi shi tsawo, amma yana tafiya da ƙwallo yana jifa daga nesa. Tun bayan James Harden a 2018, waɗanda suka karɓi kyautar gwarzon har zuwa 2025 duk an haife su a wajen Amurka ne: Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne ya kuma tashi a Girka, da Jokić, da Joel Embiid na Kamaru, da Shai Gilgeous-Alexander na Kanada.

Ga mai horar da yara, ma'anar wannan ɗaya ce. Kowane yaro, dogo ko gajere, ya koyi riƙe ƙwallo da hannu biyu, da fasin, da jifa, da tsare mutum, sannan ya koyi yanke shawara da kansa cikin sauri. Ba ka san wane jiki Allah zai ba shi nan da shekara biyar ba, don haka kada ka yanke masa matsayi tun yanzu.

Yarana duk so suke su zama Stephen Curry, gwanin jifan maki uku na NBA. Da sun shigo fili sai bayan layi. In hana su?

Ka hana ƙanana, ka tsara wa manya. Layin FIBA yana mita 6.75 daga kwando, kwandon kuma tsayinsa mita 3.05. Ɗan shekara goma ba shi da ƙarfin kai ƙwallon manya can, sai ya ɗauko ta daga ƙugu ko gefen kafaɗa ya wurga da dukkan jikinsa. Wata rana za ta shiga, yara su yi ihu, shi kuma hannunsa ya haddace wannan karkataccen jifa. Gyaransa a shekara 16 ya fi koyar da shi daga farko wahala nesa ba kusa ba.

Curry ɗin da suke kwaikwayo ma ya sha wannan. Yana makarantar sakandare mahaifinsa Dell Curry, tsohon ɗan wasan NBA, ya sa shi ya rushe jifansa da yake ɗaukowa daga ƙasa ya sake gina shi, ya yi ta jifa daga kusa da kwando har tsawon hutun makaranta. Mutumin da ya jefa maki uku sau 402 a kakar 2015 zuwa 2016 daga nan ya taso. Ka ba yaranka wannan labari, sun fi jin sa a kan wa'azinka.

Ƙa'idojin da NBA da hukumar ƙwallon kwando ta Amurka suka fitar wa yara a 2018 sun ba da shawarar kada a ƙirga maki uku a wasannin 'yan ƙasa da shekara 12, kowace ƙwallo ta zama biyu. Sun kuma ce a sauke kwando: kusan mita 2.45 ga 'yan 7 zuwa 8, kusan mita 2.75 ga 'yan 9 zuwa 11. Idan kwandonka na ƙarfe ne da aka kafe da siminti, ba ya saukowa, to a ƙalla ka nemi ƙaramar ƙwallo. Lamba 7 ta manyan maza ce, nauyinta wajen giram 600. Lamba 6 ta mata ce da samari masu tasowa, lamba 5 ta ƙanana. Doka mai sauƙi a atisaye: ba mai ja da baya taku ɗaya sai ya jefa bakwai cikin goma da kyakkyawan hannu daga inda yake tsaye.

Ɗana yana da shekara 15, bai taɓa riƙe ƙwallon ba. Ya makara?

Bai makara ba. Hakeem Olajuwon ya tashi a Legas yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa yana buga ƙwallon hannu, sai da ya zama matashi ya shiga ƙwallon kwando, amma shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 1984, ya kuma ci kofin NBA da ƙungiyar Houston a 1994 da 1995. Embiid ya fara a wajen shekara 15, Pascal Siakam na Kamaru, ɗan wasan NBA, ma ya fi shi jinkiri. Sai dai a faɗi gaskiya, su ukun dogaye ne ƙwarai, kuma sun zo da jikin da wasu wasanni suka riga suka horar. Mai matsakaicin tsawo da ya fara a wannan shekarun zai iya zama ɗan wasa mai kyau a makaranta ko jami'a, amma sai ya ninka aiki a kan riƙe ƙwallo.

Ina da yaro da ya fi kowa tsawo. Idan na ajiye shi ƙarƙashin kwando muna cin kowa. Mene ne laifin haka?

Laifin shi ne kai kake cin riba, shi yake biya. Yaron da ya riga tsaransa girma a shekara 12 sau da yawa balaga ce ta zo masa da wuri. Nan da shekara huɗu sauran za su kamo shi, wasu su wuce shi, sai a wayi gari yana da tsawon mai wasan waje amma bai iya tafiya da ƙwallo taku uku ba, bai iya jifa daga nesa ba, domin abin da kawai aka koya masa shi ne ya ɗaga hannu ya karɓa ya saka. Irin waɗannan yara sun cika gefen filaye, suna kallo, suna ba da labarin kofin da suka ci a aji biyu na ƙaramar sakandare.

Ka bar shi ya kawo ƙwallo daga baya a atisaye, har ma a wasa idan kun yi nisa da maki. Zai zubar da ita, za a ƙwace, iyaye za su yi gunaguni. Ka daure. Haka kuma gajeren yaronka ya koyi juya baya ga kwando da ƙwatar ƙwallon da ta dawo daga allo. Wanda bai yi tsawo da wuri ba kada ka sallame shi: tsofaffin taurarin NBA Scottie Pippen da Dennis Rodman duk sai bayan sun gama sakandare tsawonsu ya zo.

Tsaron yanki ko na mutum da mutum?

Mutum da mutum, har sai sun kai shekara 14 ko fiye. Tsaron yanki, wanda 'yan wasa ke kira zon, inda kowa yake tsare wuri maimakon mutum, yana cin wasa a matakin yara saboda dalili ɗaya: abokan karawa ba su da ƙarfin jifa daga nesa ko dogon fasin. Yara biyar su cunkushe a gaban kwando su ɗaga hannu ba tsaro suka koya ba, tsayuwa suka koya. Ƙa'idojin 2018 da aka ambata sun hana shi ga 'yan ƙasa da shekara 12. Yaron da ya iya tsare mutuminsa, ya san inda ƙwallo take, ya san lokacin kai wa ɗan'uwansa ɗauki, zai koyi zon a mako guda.

Yara talatin, ƙwallo uku, kwando ɗaya mai lanƙwasasshen zobe. Ta ina zan fara?

Wannan ita ce ainihin tambayar yawancin masu horarwa a ƙasarmu, kuma littattafan waje ba su cika amsa ta ba. Abu na farko, ka kashe dogon layi. Idan yara talatin suka jeru kowa yana jiran ya jefa sau ɗaya, a cikin awa guda yaro bai taɓa ƙwallo na minti biyu ba, sauran lokacin hira ce da tsokana.

Ka raba su gida-gida. Gida ɗaya yana kwando, suna buga uku da uku, wanda aka ci ya fita wasu su shigo. Gida na biyu yana can gefe da ƙwallo ɗaya, ba kwando: an zana musu fili da alli ko gawayi, ƙungiyar da ta haɗa fasin goma ba a taɓa ba ta ci maki, kuma an hana buga ƙwallo a ƙasa. Wannan wasa kaɗai yana koyar da neman sarari, da juyawa a kan ƙafa ɗaya, da fasin cikin matsi. Gida na uku suna ɗaya da ɗaya a siririn layi. Gida na huɗu ba su buƙatar ƙwallo sam: tsalle da igiya, sauka a kan ƙafa biyu da gwiwa a lanƙwashe, zamiyar tsaro, wasan kama-kama. Duk minti takwas ko goma ka hura usur su zagaya.

Uku da uku ya cancanci a daɗe a kansa. A biyar da biyar na yara, biyu ne suke wasa, ukun rakiya suke yi. A uku da uku babu wurin ɓuya, kowa zai karɓa, kowa zai tsare, kuma filin yana da faɗin da yaro zai ga hanya da idonsa. Ba wasan ɓata lokaci ba ne kuma: ya shiga gasar Olamfik tun wasannin Tokyo da aka yi a 2021, ana buga shi a rabin fili da kwando ɗaya, minti 10 ko wanda ya riga kai maki 21, da daƙiƙa 12 na kai hari. Wato abin da kake ganin rashi ne a filinka, shi ne cikakken filin wannan wasa.

Sai maganar robobin da ake jerawa a ƙasa yaro yana zagaye su. Suna da amfaninsu a makon farko. Amma roba ba ta miƙo hannu, ba ta matsowa. Da zarar yaro ya iya motsin, ka sa masa mutum a gaba, ko da mai tsaron zai riƙe hannunsa a baya ne da farko. Wasan zamani tambaya yake yi wa ɗan wasa duk daƙiƙa, in jefa, in ba da, ko in kutsa, kuma ba a koyon amsar sai da abokin karawa.

Sau nawa a mako?

Shawarar da NBA da hukumar Amurka suka bayar a 2016 ita ce: 'yan 7 zuwa 8 atisaye ɗaya a mako na rabin awa zuwa awa guda, 'yan 9 zuwa 11 sau biyu, 'yan 12 zuwa 14 sau biyu zuwa huɗu na awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, manyan sakandare sau uku zuwa huɗu. Ko babba ne a ba shi a ƙalla yini ɗaya a mako da ba ya komai. Wannan lissafin atisayen da koci ke tsaye ne. Wasan da yara suka haɗa da kansu da yamma, ba usur ba tsawa, kada ka hana, a nan dabara take fitowa. Yaronmu kuma yana da boko da Islamiyya da aiken gida, don haka ka zauna da iyaye a tsara lokaci tun farko, kafin su zare shi a tsakiyar zango.

In sa shi ya daina ƙwallon ƙafa don ya mai da hankali?

A'a. Shawarar dai ita ce kada yaro ya tsaya a wasa ɗaya tilo kafin shekara 14. Jikin da ke maimaita motsi iri ɗaya duk shekara ya fi saurin samun ciwo, zuciyar ma tana ƙosawa. Olajuwon da bakinsa ya sha danganta iya takunsa a ƙarƙashin kwando da ƙwallon ƙafar da ya buga yana yaro. Langa ma, duk da ba a ɗauke ta a bakin komai ba, tana gina ƙarfin ƙafa ɗaya da daidaito, abin da mai tashi sama da ƙafa guda yake buƙata.

Waya ta lalata min yara. Kullum suna kallon guntayen bidiyo suna zuwa da salon da ba su iya ba.

Rabin maganarka gaskiya ne. Guntun bidiyo na daƙiƙa ashirin a TikTok ko Instagram yana nuna ƙwallon da ta shiga, ba ya nuna tara da suka ɓace, ba ya nuna wanda ya yi gudu ba ƙwallo ya buɗe hanyar. Yaron da ya tashi a kan wannan yana zaton wasan shi ne yanka mutum a yi masa ihu.

Ɗaya rabin kuma, wayar nan ita ce kayan aiki mafi arha da ka taɓa samu. Kocin da ya horar da kai sai dai ya kwatanta maka da baki. Kai kana iya ɗaukar jifan yaro daga gefe, ka rage saurin hoton, ka nuna masa gwiwar hannunsa da ta fita waje, ya gani da idonsa gardama ta ƙare. FIBA tana sa cikakkun wasannin matasa a YouTube. Ka ba su aikin gida: kowa ya kalli zango ɗaya na minti goma, ya bi ɗan wasa ɗaya da ido, ya zo ya faɗi abin da yake yi lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa. Abu ɗaya dai, kada ka ɗora hoton ɗan wani a intanet ba da izinin iyayensa ba, musamman 'ya mace.

Mu da tsawa da tsallen kwaɗo aka horar da mu, kuma mun iya. Me ya sa yanzu ake cewa a daina?

Waɗanda suka jure su ne suke ba da labari. Waɗanda suka bar wasan a makon farko, ba a ƙirga su. Ladabi dole ne: zuwa a kan lokaci, yin shiru idan koci yana magana, gaida abokan karawa, tattara ƙwallaye bayan atisaye. Amma akwai bambanci tsakanin rashin ladabi da kuskuren wasa. Yaron da aka zaga don fasin ɗinsa ya ɓace ba zai koyi fasin mai kyau ba, zai koyi kada ya sake gwadawa. Za ka gan shi a fili, da ƙwallo ta zo hannunsa sai ya waiga benci yana neman fuskarka. Wannan ɗan wasa ya mutu tun bai fara ba.

Gwada tambaya a maimakon umarni. Ka tsayar da wasa ka ce, "Kai Sani, me ka gani da ka ba da ƙwallon can?" Da farko zai yi shiru yana jiran faɗa. Bayan makonni zai fara amsawa, daga baya ya fara gyara kansa kafin ka buɗe baki. Kuma ka rage surutu. Bayanin da ya wuce rabin minti, iska kake yi wa. Duka kuwa babu gurbinsa a fili ko kaɗan.

Dole ne kowane yaro ya shiga wasa, ko da zai sa a ci mu?

Ga 'yan ƙasa da shekara 12, eh, kusan daidai wa daida. Daga nan zuwa sama ana iya fifita wanda ya fi ƙoƙari, amma wanda yake zuwa atisaye kullum bai kamata ya koma gida rigarsa a bushe ba. A babbar gasa kamar ta Milo ta makarantun sakandare, kowa ya san za ka fi dogara da gwanayenka, sai dai ka gaya wa kowane yaro matsayinsa kafin a tafi, kada ya gano a benci.

Kowa yana rage wa yaransa shekaru. Idan ban yi ba za a yi ta cin mu.

Za a ci ku, gaskiya ne, a bana. Amma duba abin da ake saya da wannan ƙarya. Ɗan shekara 19 da aka rubuta masa 15 yana cin yara da ƙarfin ƙirji, ba ya buƙatar dabara, don haka ba ya koyon ta. Ranar da ya haɗu da tsaransa na gaskiya sai a ga babu komai. Ɗan 15 na ainihi kuma, wanda aka zaunar dominsa, ya rasa shekarar da ya fi buƙatar wasa. An yi asarar yara biyu don kofi ɗaya. Ƙari a kan haka, ka koya wa yaro cewa babban da yake girmamawa yana sa hannu a takardar ƙarya, kuma takardar za ta bi shi har fasfo. Masu neman 'yan wasa daga waje sun san da wannan matsala, shi ya sa suke yi wa takardun yaranmu kallon tuhuma, har da na masu gaskiya.

'Yata tana so, amma ina tunanin sutura da kuma wanda zai horar da ita.

Ta fuskar doka an wuce wurin. A 2014 'yan wasan Katar mata sun janye daga gasar Asiya saboda an hana su sa ɗankwali, amma a 2017 FIBA ta sauya dokar, yanzu ana wasa da kai a rufe, da riga mai dogon hannu da dogon wando a ƙarƙashin kayan wasa. Kuma a Najeriya mata ne suke riƙe da tutar wasan nan: 'yan wasan ƙungiyar mata ta ƙasa, D'Tigress, sun ci kofin Afirka sau biyar a jere, 2017 da 2019 da 2021 da 2023 da 2025, kuma a Olamfik na Paris a 2024, ƙarƙashin koci Rena Wakama, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas.

Damuwarka ta biyu tana da tushe, kada kowa ya ce maka ƙauyanci ne. A 2021 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fallasa cin zarafin 'yan wasa mata matasa a Mali, abin da ya kai ga kama wani koci. Ka tambayi waɗannan kafin ka ba da 'yarka: akwai babbar mace a wurin duk lokacin atisaye da tafiya? Iyaye suna iya zuwa kallo ba tare da sanarwa ba? Koci yana tura saƙo ta zauren iyaye ne ko kai tsaye ga yarinya da dare? Kocin kirki zai ji daɗin tambayoyin. Wanda ya ɓata rai ya ba ka amsa. Wannan ƙa'ida ta shafi yara maza ma.

Ga masu horar da mata kuma: tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ta fi yawa a 'yan mata bayan balaga. Minti goma na koyon sauka daga tsalle, gwiwa a lanƙwashe ba ta faɗa ciki ba, da ƙarfafa cinya da ƙugu, a farkon kowane atisaye, yana rage haɗarin.

Yaya za a yi da zafi, da kuma watan azumi?

A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano, filin siminti kuma yana riƙe shi har bayan la'asar. Ka koma sassafe ko dab da magariba, ka ba da hutun shan ruwa duk kwata awa, kada ka taɓa mai da hana ruwa horo. Yaron da ya fara jiri, ko amai, ko magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a nufi asibiti. A lokacin hunturu mai asma ya zo da abin shaƙarsa.

Da azumi, masu azumi su yi aiki mara nauyi kafin shan ruwa, kamar jifa daga kusa da bitar tsari, a bar gudu sai bayan an sha ruwa inda akwai fitila. Za a kawo maka misalin Olajuwon, wanda aka zaɓa gwarzon watan Fabrairu na 1995 yana azumi. Haka ne, amma shi babban mutum ne da likitoci a kansa, yana wasa a ɗaki mai sanyi.

Yaro yana kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, wurin har ya ɗan kumbura. Raki ne?

Ba raki ba ne. Ana yawan ganin wannan a yara masu tsalle tsakanin shekara 10 zuwa 15, lokacin da ƙashi yake tsawo da sauri jijiya tana jan inda bai gama ƙwari ba, kuma siminti da takalmin da ya cinye suna ƙara shi. Yawanci yana wucewa idan girma ya tsaya. A rage tsalle da gudu, a sa ƙanƙara, a miƙe cinya a hankali. Idan yana ɗingishi, ko ciwon yana tashinsa da dare, ko gwiwar gaba ɗaya ta kumbura, likita ne zai duba, ba mai ɗori ba. Kada a ba yaro maganin kashe zafi don ya iya gama wasa.

Wani ya ce zai kai ɗana makaranta a Amurka idan na biya. In yarda?

Ka tsaya tukuna. Ƙungiyoyin NBA 30 ne, kujerun dindindin wajen 450, sababbin da ake ɗauka a zaɓen shekara ba su wuce 60 ba daga duk duniya. Hanyoyin gaskiya suna nan, kuma sanannu ne. Akwai makarantar NBA da ke Saly a Senegal, inda Khaman Maluach na Sudan ta Kudu ya fito, aka ɗauke shi na 10 a zaɓen 2025. Akwai sansanin Basketball Without Borders. Akwai shirin horar da matasa na Giants of Africa na Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya koyi wasan a hannun Koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ake kira OBJ, daga baya ya jagoranci Toronto Raptors suka ci kofin NBA a 2019. Akwai gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL da aka fara a 2021, akwai ƙungiyoyin gida irin su Kano Pillars da Gombe Bulls, akwai wasannin jami'o'i. Waɗannan wurare zaɓar yaro suke yi saboda wasansa.

An sha samun yaran Afirka da aka kai Amurka da alƙawarin karatu kyauta, suka tsinci kansu a cunkushe a gida ɗaya, ba makarantar kirki, takardunsu a hannun wani. Kafin ka sayar da fili ko shanu, ka nemi sunan makarantar ka tuntuɓe ta da kanka, ka ga takardar gurbin karatu a rubuce, ka san gidan da yaron zai zauna da wanda zai biya kuɗin asibiti, ka yi magana da iyayen wani yaro da mutumin ya taɓa kaiwa. Fasfo ya zauna a hannun ɗanka. Kuma ko tafiyar ta gaskiya ce, jami'o'in Amurka sai sun duba sakamakon sakandare kafin a bar shi ya buga musu, don haka wanda ya watsar da WAEC saboda fili ya rufe ƙofar da yake nema.

Ban taɓa buga wa babbar ƙungiya ba. Zan iya horar da yara?

Za ka iya. Iya wasa daban, iya koyarwa daban, kuma gwanaye da yawa ba su da haƙurin yaron da bai gane ba a karo na biyar. Ƙungiyar masu horarwa ta duniya da ke ƙarƙashin FIBA ta sa littattafanta na koyar da koci a intanet kyauta, tun daga matakin ƙananan yara, da Turanci da Faransanci. Ka nemi ƙungiyar ƙwallon kwando ta jiharka ka tambayi lokacin bitar masu horarwa da ta alƙalan wasa, ka koyi taimakon gaggawa, ka kuma roƙi wani tsohon koci ya bar ka ka tsaya a gefensa na zango guda kana riƙe masa ƙwallaye. Ka riƙa rubuta tsarin atisayen gobe a takarda tun da dare, da mintocin kowane sashe da sunayen yaran kowane gida.